Maganar da Yaya Ta Ji a Rediyo

Shekara ashirin da 'yan kai ina aikin jarida, kuma na gaji. Gajiya ce ta mutumin da ba ya iya sauraron kowa ba tare da yana tsara labarin a ransa ba. Littafina na uku ya ci gasa, aka ba ni allon yabo mai ƙyalli. Yana nan rataye a falona a Tarauni, duk wanda ya shigo sai ya ce ma sha Allah. Yayata ce kaɗai ba ta taɓa ɗaga kai ta kalle shi ba.

Ita ta raine ni. Nas ce a babban asibitin da ke kusa da gidanta a Gyaɗi-Gyaɗi. A da, in ta taso daga aikin safe nakan biya mata. Ta tuɓe takalmi, ta miƙe ƙafa a tabarma, ta dama mana fura, ta yi ta zuba: tsohon da ya ɓoye goro a ƙarƙashin filo, 'yan dubiyar da suka cinye abincin majinyacinsu. In na cika tambaya ta ce, "Kai dai kunnenka ba ya ƙoshi, Malam ɗan jarida."

Mijinta ya shekara tara a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, sannan ta fita ta je ta yi wa na wasu. Bayan ta fita takaba, wata la'asar ta rage murya ta ce mini, "Ka san Allah, ranar da aka kai shi na yi barcin da rabona da irinsa shekara tara. Da na farka sai na ji daɗi a jikina. Har yau ina istigfari." Ni kaɗai ta gaya wa.

Na ɗauki maganar na sa a bakin wata mata a littafin nan na uku. Na mai da ita malamar makaranta, na kai ta wani gari, na ce shi ke nan. Ai Yaya ba ta karanta littafi. Na manta cewa a Kano ba sai ka karanta ba, gidan rediyo zai karanta maka, babi bayan babi.

A cikin adaidaita sahu ta ji, ita da 'yarta, suna dawowa daga Hotoro. Direba ya ƙure rediyo, mai karatu ya kawo wurin, kalma ɗaya ba ta sauya ba, har da istigfarin. Wata mata da ke gefensu ta ja tsaki ta ce, "Wannan ai ba ta da imani. Mijinki ya mutu ki ji daɗi?" Yaya ta ce a sauke ta, suka ƙarasa gida a ƙafa. 'Yar ce ta ba ni labari tana dariya, tana mamakin abin da ya sa Umma tafiyar ƙasa cikin rana.

Da ma a ce Yaya ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Na je na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya," ta miƙo mini fura. Tun daga ranar hirarmu ta koma ya gida, ya yara, ya aiki. Shekara shida ke nan. Na yi hira da manya da ƙanana, kowa na buɗe mini cikinsa, amma wadda nake son ji ta rufe nata. Abin yana cina, kuma ni na jawo.

Bara ta yi ritaya. Na je mata sannu, na same ta ita kaɗai a tabarmar nan. Can ta ce, "Ka san wani abu..." Sai ta tsaya, idonta a kan biron da ke aljihun rigata. Na zaro biron da sauri, na haɗa da waya, na tashi na ajiye su can bakin ƙofa, na dawo na zauna.

Ta yi murmushi, ba na mugunta ba.

"Ɗauko kayanka," ta ce. "Ai ranar da na gaya maka ma ba ka zo da biro ba."