Abincin Rana a Gidan Baba Kuku

A layinmu na Kurudu babu mai kiransa Thaddeus sai mahaifina. Kowa Baba Kuku yake cewa, har limamin masallacinmu. Gajere ne mai furfura a gira, mutumin Filato, ya shigo Abuja tun ana sare daji ana kafa tubali. Gidansa na kallon namu, kwata ce kawai tsakani. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma ni Nafeesa haushinsa nake ji, kuma dalilina ɗaya ne: ya ƙwace mini uba.

Rayuwarsa duka a kicin ɗin mutane ya yi ta. Ya fara da wanke-wanke a wani gidan saukar baƙi, daga nan ya zama kuku a gidajen baƙin ƙasashen waje da ke Maitama da Asokoro. Ɗan Katolika ne na gaske, Lahadi ba ta wuce shi, ga carbinsa mai gicciye kullum a aljihu. Sauran addinan duniya kuwa a bakin murhu ya san su. Ka tambaye shi abin da wasu mutane suka yi imani da shi, sai ya fara gaya maka abin da ba sa ci.

Gidan da ya fi daɗewa na wasu 'yan Indiya ne mabiya addinin Hindu. Naman shanu bai taɓa shiga gidan ba. Uwargidan tana da ɗan lungu da take kunna fitila da turare kowace safiya, kuma sai an kai abinci can an miƙa wa abin bautarta kafin kowa ya sa a baki.

“Madam ya ce mini, Thaddeus, no tasting,” haka yake ba da labarin da Hausarsa da ba ta san mace ba ta san namiji ba. “To yaya kuku zai dafa bai taɓa ba? Sai na koyi jin gishiri da hanci.”

Ita ce ta gaya masa cewa a wurinsu rai ba ya ƙarewa da mutuwa ɗaya, yana dawowa a wani jikin gwargwadon aikin da mutum ya yi. Ya ce shi dai in za a dawo da shi, don Allah kada a sake ba shi kicin.

Daga nan ya yi wa wani injiniya Bayahude aiki, mai tukwane kashi biyu, na nama daban na madara daban, ko cokali ba ya tsallakawa. Ranar Juma'a kafin faɗuwar rana sai an gama komai, don ba a kunna wuta sai Asabar ta wuce. Akwai kuma wata tsohuwa mai bin addinin Buddha da ta fashe da kuka ranar da ta ga tarwaɗa tana mutsu-mutsu a bokiti, ta sa direba ya mayar da ita tafkin Jabi. Baba Kuku bai taɓa yi wa ɗayansu dariya ba. In na ce masa wannan ai wahalar da kai ce, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Kowa da nasa tsoron Allah, Nafeesa. Ni nawa wanke tukunya da kyau.”

Da ƙafa ta fara ciwo ya ajiye aiki, ya dawo ɗan gidan da ya gina a Kurudu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Jos da Legas. A shekarar ne ni ma na ɗauko Baba, mahaifina, daga Zariya bayan rasuwar Inna. Maigidana yana aiki a Fatakwal, ni ina ma'aikatar tarayya, ga ɗaki a banza. Na yi wa ɗakin fenti, na sa labule sabo, na ce yanzu ne zan rama wa Baba ɗawainiyar da ya yi da ni.

Ashe wani na yi wa shara. Mako bai zagayo ba tsofaffin nan biyu suka ƙulla abota. In na dawo daga ofis, bayan na sha cunkoson Nyanya kaina kamar zai tsage, sai in tarar da su a benci ƙarƙashin mangwaro suna gardama. Baba, wanda ya yi shekaru yana koyar da Larabci, zai ce Annabi Isa manzo ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Baba Kuku zai ce ɗan Allah ne. Baba ya ce a'uzu billahi, shi kuma ya yi alamar gicciye, sannan ya miƙa wa Baba gyaɗa. Ba wanda ya taɓa matsawa ko taku ɗaya, kuma gobe ma a bencin za ka same su. In an kira sallah, Baba Kuku ne ke cewa, “Alhaji, lokaci ya yi fa,” ya miƙo masa buta.

Ni kuwa in na zauna kusa da Baba, hirarmu ba ta wuce ya aiki, ya hanya, Allah ya yi albarka. Ban taɓa sanin yana dariya har ya riƙe ciki ba sai a bencin nan. Wallahi abin yana ci mini rai.

Sai ga azumin bana, wanda ya kama tare da na Kirista. Ranar farko Baba Kuku ya dawo daga coci da toka a goshi, ya tsaya a ƙofarmu yana murna. “Alhaji, this year tare za mu ji yunwa!” Na ce a raina, to ko azumin ma sai an raba da ni.

Na ɗaura ɗamara. Buɗe-baki dai nawa ne, babu kukun da zai shiga. Ina baro ofis da wuri, in dama kunun gyaɗa, in soya ƙosai, in yi farfesu. Baba zai ɗauki dabino ɗaya, ya kurɓi kunu, ya taɓa ƙosai, ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi. Mutumin da ya wuni bai ci ba! Na sauya miya, na sauya tuwo, duk ɗaya. Na fara zargin hannuna.

Wata Talata wutar ofis ta lalace aka sallame mu kafin azahar. Na dawo gida ban ga Baba ba. Benci babu kowa. Sai na hango takalmansa a ƙofar Baba Kuku, an saki labule har ƙasa, tagogi a rufe da tsakar rana. Na tsallaka kwata na yi sallama, ban jira amsa ba na ɗaga labulen.

Baba na zaune a tabarma da kwanon gwaten acha a gabansa, cokali a hannu. Baba Kuku yana kan kujera ya juya masa baya, fuskarsa na kallon bango, yana jan carbi.

Cokalin ya faɗi. Ban taɓa ganin fuskar mahaifina haka ba, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya tashi bai dube ni ba, ya zura takalmi ya wuce gida.

Ni kuwa na sauke wa Baba Kuku kwandon masifa. “Abin da kake yi ke nan? Tsoho mai furfura, malami guda, ka rufe ƙofa kana ba shi abinci da rana a watan Ramadan?”

Bai ɗaga murya ba. “Zauna, 'yata. Sugar ɗinsa ne. Kafin a fara azumi ya yanke jiki ya faɗi a nan bencin, ni na kai shi asibiti. Doctor ya ce in ya yi azumi da wannan magani, zai iya tafiya. Ya je wurin liman, liman ya ce Allah ya ɗauke wa mara lafiya, ya ciyar da mabukaci kowace rana. Kullum ina dafa kwano biyu, ɗaya nasa, ɗaya na wata makauniya a bayan masallaci.”

“Ni ina ina aka yi duk wannan?”

“Kana office.”

Na san hukuncin sarai, Baba da kansa ya karantar da ni shi. Cin abincin bai dame ni ba ko kaɗan. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ubana ya faɗi, an kai shi asibiti, an gaya masa maganar da ta fi kowace nauyi a rayuwarsa, kuma wanda ya riƙe masa hannu a hanyar dawowa ba ni ba ce.

“Me ya sa kake juya masa baya?” na tambaya.

“Ranar farko ya kasa ci, yana kuka. Da na juya, sai ya ci. Ni ma ina azumi, so ba na son ganin abinci.” Ya yi ɗan murmushi. Har kukan ma shi ya gani.

Washegari na ɗauki hutu. Na sayo acha, na wanke ta har yashi ya fita, na yi gwate da alayyafo da yakuwa, ban sa abin da likita ya hana ba. Da rana ta take na kai ɗakin Baba, na durƙusa na ajiye.

“Baba, na ji komai. Allah ne ya yi maka rangwame. Ka ci a ɗakinka, ni zan riƙa yi maka.”

Ya daɗe yana kallon kwanon. “Allah ya yi miki albarka, Nafeesa. Ɗauke.”

“Zan fita in ja ƙofa. Ko in juya baya, in haka kake so.”

“Ba zan iya ba.” Muryarsa ta yi ƙasa. “Ni na tashe ki sahur ɗinki na farko. A gidan da kike azumi, abinci ba zai wuce mini maƙogwaro ba. Shi Thaddeus tsoho ne kamata, ya san yadda jiki yake cin amanar mutum. Ke bar ni in zauna ubanki.”

Na ɗauki kwanon na fito, idona ya cika. Na tsaya a tsakar gida ina ji kamar in watsar da shi a kwata. Amma lokacin maganinsa ya yi, kuma dole ya ci wani abu. Na rufe kwanon da mayafina na tsallaka.

“Juye a kwanonka,” na ce wa Baba Kuku. “Kada ka ce ni na yi. In ya sani ba zai ci ba.”

Ya buɗe, ya kai hanci, ya gyaɗa kai. Na zagaya bayan tagarsa na tsaya a rana, bakina a bushe. Can na ji takun Baba, na ji an saki labule, na ji bismillah, sai ƙarar cokali. Ya ci, ya ci, har na ji yana kankare gindin kwano.

“Thaddeus,” in ji Baba, “yau kam ka yi girki. Tun rasuwar uwar Nafeesa ban ci abin da ya kai wannan ba.”

Na riƙe numfashi ina jira. Ni na hana shi faɗa, amma Allah ya sani so nake ya saɓa mini.

Sannan na ji muryar Baba Kuku, tana fitowa daga wajen bango.

“Na gode, Alhaji.”