Malam Bawa, Wanda Ya Zaɓa Mini Bakana na Farko

Ina tsaka da karin kumallo yau da safe waya ta shigo daga Tsafe, wai Malam Bawa ya rasu. Na sa mai kiran ya maimaita sunan, don ban yarda da kunnena ba.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ga waɗanda ba su san shi ba, abokin aikina ne a ofishin gona a Gusau. Ya girme ni sosai, kuma ya riga ni ritaya, ya koma gida Tsafe. A ofis jami'in gona ne kamar kowa, amma gidansu gidan maharba ne, kuma bai taɓa barin gadon ba.

Bayan haɗarin babur da na yi a hanyar Bungudu, kafaɗata ta dama ta ƙi komawa daidai. Na ajiye aiki, na koma gonarmu ta Kekun Waje a ƙasar Bungudu. Shekarar farko zomaye da zabin daji suka raba gyaɗar da ni, birai kuma suka ɗauki masara. Na ce bindiga zan nema. Hajiya, maiɗakina, ta ce ba a gidanta ba. Gaskiyarta ce, kowa ya san halin da dajinmu yake ciki, mutum da bindiga a kafaɗa ba lallai a tsaya jin bayaninsa ba.

Sai na kira Malam Bawa. Na ma tura masa hoton wani bakan Turawa da na gani a waya, mai tayoyi da igiyoyi birjik. Ya yi ta dariya, ya tambaye ni in tsirkiyarsa ta tsinke, wa zai gyara mini a Bungudu? Ya ce in zo Tsafe kawai.

Ya kai ni zauren wani tsoho mai sassaƙa baka. Ina shiga na miƙa hannu kan mafi girma, baƙi mai kauri. Malam Bawa bai hana ni ba. Ya ce in ja, in riƙe, shi kuma ya juya ya shiga gaisawa da maigidan, har da tambayar shanu da jikoki. Kafin su gama gaisuwar, hannuna rawa yake kamar mai zazzaɓi.

Ya karɓe a hankali, ya ce, "Wanga ba naka ba na, Malam Isa. Bakan da ka iya riƙewa kana numfashi lafiya, shi na naka."

Raina ya sosu. A lokacin gani nake kowa kallon nakasasshe yake yi mini, sai ga shi ana miƙo mini siririn baka na itacen dargaza. Ya lura da fuskata, amma bai lallashe ni ba. Cewa ya yi in sauya hannu, in riƙe da dama, in ja da hagu, tunda hagun ce lafiyayya. Na ce ni ba bahago ba ne. Ya ce daga yau na zama.

Na ja. Tsirkiyar ta zo har gefen bakina ta tsaya cak, kafaɗa ba ta yi ƙorafi ba. Tun bayan haɗarin, ranar na fara jin jikina ya yi mini biyayya.

Sauran kayan ma shi ya tsaya a kai. Kibau ya auna da tsawon hannuna, ya riƙa mirgina kyauron a tafinsa yana ware masu lanƙwasa. Ya kai ni wurin baduku aka ɗinka mini kwari wanda ba ya ƙara in ana tafiya, da fatar ɗaurawa a hannu don kada tsirkiya ta fasa mini fata. Maƙeri ya so ya ba ni manyan kawunan kibiya masu kunnuwa, Malam Bawa ya ce a'a, ƙanana sun ishi zabo da zomo.

Dafi kuwa ya hana ni ko tambaya. Wuƙa mai kaifi ya sa mini a kwari don yanka, ya ce in ambaci sunan Allah kafin in saki, kuma in ban tabbata zan kayar ba, kada in harba. Birai ma ya ce korarsu zan yi, ba abincina ba ne.

Duk ranin nan buhun ƙaiƙayi na yi ta harbi a bayan gida. Yakan kira ya tambaye ni buhun ya mutu ko da sauran rai.

Zabon farko da na kayar, a mota na kai masa har Tsafe. Inna Hauwa, matarsa, ta yi mana farfesu. Ya ci, ya suɗe hannu, ya shaida wa duk mai wucewa cewa ɗalibinsa ne ya harbo.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Mada ce, bayan an kai amfanin gona gida. Ya rame, yana dogara sanda, amma muryar tana nan. Na ce zan kai shi asibiti Gusau, ya ce ya je, likita ya yi nasa. Sai ya damƙi damtsena ya matsa, ya yi murmushi.

"Ka ƙoshi yanzu. Duk wanda ya zo maka yana son koyo, kada ka kore shi. Ka auna hannunsa, ka ba shi daidai shi."

Na ce in sha Allahu. Muka rabu a bakin rumfar masu goro, yana ɗaga mini sanda.

Ba na shakkar komai game da mutumin nan. Na yi aiki da shi, na shiga daji da shi, ban taɓa ganin ya wulaƙanta mutum ko dabba ba. Wannan shaidar zan bayar a ko'ina.

Yanzu haka ina shirin kama hanyar Tsafe, bayan Azahar za a yi jana'iza.

Allah Ka jiƙan Malam Bawa, Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ka ba Inna Hauwa da 'ya'yansa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya roƙa masa gafara kafin ya wuce.