Kunyar Ɗan Fari Da Injin Lanƙwasa Ƙarfe

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce daga ƙasar Ajingi, ban taɓa zama a aji ba, faɗa nake ana rubuta min. A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce da ake shakka a gida. Ba na yawan magana, amma babu abin da ke wuce idona. Ko surukata ta rage gishiri a miya, ko jika ya fita ba takalmi, na gani kuma zan faɗa. Mutum ɗaya ne a duniya ba na yi wa faɗa, ba na ma yi masa magana kai tsaye, shi ne ɗana na fari.

Mu Fulanin gida ne, mun daɗe da barin kiwo mun kama noma a wajen Toranke, amma kunya ba mu bar ta ba. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ban taɓa kiran sunansa ba. In zan ambace shi sai na ce wa ƙannensa yayanku, shi kuma Adda yake ce min, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ya koyi walda a Kano, ya dawo Gaya ya buɗe shago a ƙofar gidansa, yana ƙera ƙofofi da tagogi da akwatunan ƙarfe. Da mahaifinsu ya rasu sai ya aiko aka ɗauko ni, ya ba ni ɗakin da ke kusa da zaure. Daga bakin ƙofata, in an ɗage labule, ina hango rabin shagon.

Da farko da guduma suke lanƙwasa ƙarfe, su yini suna bugu. Sai ya sayo wani tsohon inji daga birni, ƙato kamar rumbu, wanda aka sauke da ƙyar. Yana da dogon haƙori a sama da kwari a ƙasa. A zura farantin ƙarfe a tsakani, a taka wani mataki da ke ƙasa da ƙafa, haƙorin ya sauko ya danne ƙarfen ya lanƙwashe kamar an naɗe tabarma. Kowane irin aiki da haƙorinsa, sai an kwance wannan an ɗaura wancan an daidaita shi da kwarin. Makanikin da ya zo kafa shi mutum ne mai barkwanci, ina bayan labule ina jin sa. Ya ce injin nan bai san wanda ya saye shi ba, yatsa da ƙarfe duk ɗaya ne a wurinsa. Ya ce kada a taɓa canza haƙori sai an kashe shi an zare wuta, a tokare saman da gungume, a janye matakin gefe, kuma kada a raba matakin da murfinsa. Ɗana ya yi dariya ya ce ai shi ba yaro ba ne. Makanikin ya ce dama manya injin ya fi ci, yara tsoronsa suke ji.

Watannin farko ya bi maganar. Ina kallo, yana kashewa, yana tokarewa. Sai kaka ta zo, mutane suka sayar da amfani suka shiga gini da aurar da 'ya'ya, aiki ya yi masa yawa. Wuta ba ta zama, janaretansa kuma in ya mutu sai an sha wuya kafin ya tashi. A nan na fara ganin yana kwance haƙori injin na gurnani. Gungumen ya koma abin zaman masu jira. Murfin matakin ya karye, aka jefa shi bayan shago, matakin ya zauna tsirara a tsakiyar hanyar da kowa ke bi. Ni ban san inji ba, amma na san abin da kunnena ya ji, kuma na taɓa ganin matar da injin niƙa ya fizgi mayafinta a Gafasa.

Da ɗana na biyu ne, da tuni na fita na tsaya a kansa. Wannan kuwa sai na kira matarsa na ce ta gaya wa mai shagon ya riƙa kashe abin nan kafin ya sa hannu. Ta ce to Inna. Daga baya na gane abin da ta gaya masa shi ne wai ƙarar inji na damun Inna. Washegari ya turo aka liƙe tagata da kwali. Na sake aika ƙaninsa, shi kuma ya mai da abin wasa, ya dawo yana ce min yaya ya ce yaushe Adda ta zama injiniya. Kullum da safe yana zuwa ya durƙusa a bakin ƙofata ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango, ya tashi ya tafi. Maganar tana bakina a kowace safiya.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Wani mutumin Kademi ya zo karɓar ƙofarsa, yana ta azalzala wai motar garinsu za ta tashi, har yana tsokanarsa cewa da ya sani da ya kai wa masu guduma. Saura lanƙwasa ɗaya, kuma sai an canza haƙori. Ina tsaye a zaure na fito alwala. Na ga ɗana ya sunkuya, hannunsa na dama cikin kwarin yana daidaitawa. Na ga mutumin yana ja da baya don ya kauce wa wani mai ɗauke da ƙarfe, dugadugansa na nufar matakin. Sunan ɗana ya zo min har maƙogwaro. Abin da ya fito shi ne, "Kai, bawan Allah." Janareta ya haɗiye muryata, babu wanda ya waigo.

Ba zan faɗi abin da na gani ba. Yatsu huɗu suka tafi, babban ne kawai ya tsira. A asibiti a Kano na zauna kusa da gadonsa, na ɗauki hannun da aka naɗe na ɗora a cinyata. Rabona da taɓa hannunsa tun yana shan nono. Ya buɗe ido ya gan ni, ya yi ƙoƙarin janyewa don kunya, na riƙe. Ya ce, "Adda, ki koma gida, wurin nan ba na zamanki ba ne." Na ce masa na gani tun kaka, na kasa faɗa. Ya ce shi ma ya sani tun kaka, ƙaddara ce. Ban musa ƙaddara ba, amma na san gungumen yana nan a shagon, mutum na zaune a kai.

Da ya warke ya gwada komawa, hannun bai riƙe ƙarfe ba. Ya sayar da injin, ya ba ƙaninsa shagon, ya tafi kudu yana gadi a wani kamfani. Abinci bai yanke mana ba, Allah Ya yi masa albarka. Amma gaisuwar safen nan da nake amsawa ina kallon bango, yau ita nake nema. Zuwansa na ƙarshe na lura ba ya cin abinci cikin mutane, sai ya shige ɗaki da cokali a hagu. In an miƙo masa hannu a ƙofar masallaci sai ya dafe ƙirji. Mutumin da rabin ƙofofin unguwar nan aikin hannunsa ne. In na fita unguwa ina gane su, nakan rage tafiya a gabansu.

Ku masu aiki da irin wannan inji, ku kashe shi kafin ku sa hannu, ko janareta zai yini bai tashi ba. Ku tokare shi, ku rufe matakin, ku hana masu jira tsayawa a kanku. Mai gaggawa zai hau motarsa ya tafi, gobe ya sami wani maƙerin. Ku kuma iyaye mata 'yan'uwana, ban ce ku zubar da kunya ba, da ita aka raine mu. Amma in kin ga abin da zai cuci ɗanki, ki tashi da ƙafarki ki faɗa masa da bakinki, kada ki aika. Saƙo yana raguwa a hanya. Nawa ya isa a matsayin ƙorafin ƙara, aka liƙe min taga, kuma har yau ban bari an cire kwalin ba.