Nei Unaisi da Lamba Ɗaya

Kowace safiya motar haya daga garin Nausori kan sauke Unaisi Raikivi, wadda muke kira Nei, wato gwaggo, a ƙofar sashen kimiyyar sinadarai na jami'a a birnin Suva, da dafaffen rogo a jaka da jan biro soke a gashi. Aikinta duba kundin ɗalibai kafin ya je hannun masu jarrabawa, musamman 'yan lambobin nan da ake ɗorawa a saman ƙarshen jimla don a san daga wurin wa aka ɗauko magana. Aiki ne mai cin ido, kuma ba mai tafa masa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye shi.

Nei Unaisi, ke ce mai cewa lamba ba ta san farfesa ba: wanda aka fara ambata shi ke da ɗaya, ko wane ne shi.

Duk sashen ya san labarin Vasemaca, ɗalibar da ta yi bincike kan ɓawon wata bishiya mai maganin gyambo. Unaisi na karanta jimlar farko ta ɗago kai.

"'Yata, wa ya gaya miki kafin fitowar rana ake ɓare ɓawon nan? Ban ga lamba ba."

"Bubu ce, kakata, a tsibirin Kadavu."

"To ina take a kundin?"

"Haba Nei, ita da ba ta taɓa rubuta takarda ba? In na sa ta a farko duk lambobin sai sun gusa, ga shi Juma'a zan miƙa."

"Su gusa mana, da ƙusa aka kafe su? Tsohuwa ta ba ki ilimi, ki bar ta a bakin ƙofa?"

Tsohuwar kuwa tana kwance ba lafiya, kuma in aka ɗinke kundin babu sunanta, shi ke nan. Unaisi ta ture rogonta gefe, suka sa Bubu a lamba ɗaya, suka bi sauran lambobin shafi bayan shafi, tana yi tana mita. Juma'ar aka miƙa.

Vasemaca ta hau jirgin ruwa ta kai wa Bubu kundin. Bubu ba ta jin Turanci, amma ta san ɗaya, ta san sunanta. Ta ɗora yatsa a kai.

"Waɗannan na ƙasana fa, su waye?"

"Manyan malamai ne, Bubu."

"To, ki ce su yi haƙuri, na riga su zuwa."

Mun gode, Nei, ki huta lafiya. Ku kuma masu tasowa, kafin ku ɗora lamba, ku tuna wanda ya fara gaya muku.