Sunan da Na Karanta a Kan Sabar

A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina aiki da wata ƙungiyar fataken shanu a Bawku mai rassa a Yendi da Salaga. Ni ke kula da sabar, babbar kwamfutar da kowane reshe ke shiga ya buɗe takardun ƙungiya. Ina ganin kaina mai taka-tsantsan, abu ɗaya sai na duba shi sau uku.

Wata Laraba 'yan fashi suka tare motocinmu a hanyar Salaga, suka harbe direba ɗaya, suka sassari ɗayan da adda. Ranar tashin motoci da hanyar da za su bi duk a fayil ɗaya suke cikin sabar. Alhaji shugabanmu ya shigo ofis, direbobi a bayansa, ya ce in duba wanda ya buɗe fayil ɗin. Na buɗe jerin waɗanda ke haɗe da sabar, sai ga sunan magatakardanmu, wani tsoho, kwana biyu fayil ɗin na buɗe da sunansa. Na ce kamar dai shi ne, amma a ba ni lokaci in tabbatar. Wani direba ya ce ɗan boko ya riƙe lokacinsa, su gawa gare su. A bakin famfo suka sami magatakardan yana alwala. Suka rufe shi da duka, da ƙarfen taya da bel, yana kiransu 'ya'yana, yana tambayar laifinsa. Sun karya masa hannu, idonsa na hagu ya tsiyaye.

Washegari yana kwance a asibiti, na ga sunansa ya sake shiga sabar, daga kwamfutar Yendi. Nan na tuna: watanni baya da ma'aikatan Yendi suka kasa haɗuwa da sabar, ni na karanta musu kalmar sirrinsa ta waya, da niyyar in canza daga baya. Na faɗa wa Alhaji, ya ce in ja bakina idan ina son nawa idon.

Da na je duba tsohon, ya kama hannuna, ya roƙe ni in gaya wa mutane injina ya yi masa ƙarya. Na zare hannuna, na fita.

'Yan'uwana masu wannan aiki, sabar suna take nunawa, ba mutum ba. Kada ku ara wa kowa kalmar sirrin wani, kada kuma ku furta suna gaban masu fushi kafin ku tabbatar. Ni "kamar" kawai na ce, kuma har yau da ido ɗaya tsohon yake gaishe ni.