Baba Iliya da Kalmar Uneasy

Duk wanda ya san Baba Iliya na unguwar Gorton ya san jan biron nan da yake sokewa a gefen hula. Ko katin ɗaurin aure ka miƙa masa, sai ya gyara maka Turancin kafin ya ce Allah sa alheri. Ni ɗan ƙanensa ne, na sha jan biron nan har na gode Allah!

Shekarar da council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe cibiyar da yake koyar da Turanci, sai ya mayar da ajin kicin ɗinsa. Ɗalibansa uku, duk 'yan China daga jami'a. Hita kuwa ba ya kunnawa, wai sanyi na buɗe ƙwaƙwalwa.

Wata rana ina wurin, ɗaya daga cikinsu, Mei, ta ce jarrabawa ta yi uneasy. Baba ya dafe kai.

"Subhanallahi! Jarrabawa ba ta uneasy, 'yata, ke ce uneasy! Ba kishiyar easy ba ce. Ita ce komai lafiya, amma zuciya ta ƙi kwanciya."

Mei ba ta gane ba. Sai ya jawo wata wasiƙar council da ya kwana huɗu bai buɗe ba, ya ajiye a tebur, ya ce, "Kalli wasiƙar. To, kalli fuskata." Nan take ta gane!

Har GP, wato likitansa, bai tsira ba. Likita ya tambaye shi ko yana jin anxious. Baba ya ce, "A'a. Mai anxious ya san abin da yake tsoro. Ni uneasy nake. Gyara abin da ka rubuta."

Da ɗaliban suka gama, Mei ta sami aiki a Birmingham, kicin ya yi tsit. Sai Baba ya tsiri hawa bas zuwa can duk wata, wai zai duba mata wasiƙun ofis.

Na ce, "Haba Baba, ba ga waya ba?"

Ya harare ni. "A waya ana ba mutum shayi ne?"

Na yi ta dariya. Ban tambayi kaina yaushe rabon da in je in sha nasa ba, alhali unguwarmu Hulme da Gorton ba nisa.

Mei ce ta kira ni ranar da bai sauka daga bas ba. Ashe rai ya yi halinsa.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya yafe mana sakacinmu, Ya haɗa ka da maƙwabta nagari a inda ka je, masu leƙo ka kullum. Amin.