Tarihin Gergely Bodnar, Wanda Zama Ya Hana Shi Komawa Yaƙi

Haihuwa da Tasowa

An haifi Gergely Bodnar a shekarar 1893 a garin Tokaj na ƙasar Hungary, ɗa ne ga Imre, mai sassaƙa gangunan katako, da matarsa Borbala. Bayan karatun firamare ya kama sana'ar mahaifinsa.

Yaƙi da Kamu

A 1914, da yaƙi ya ɓarke, aka ɗauke shi soja, a 1916 Rashawa suka kama shi, suka tura shi aikin gona a wani ƙauye kusa da Tambov, gidan dattijo Yefim mai kiwon zuma, mahaifin wata budurwa mai suna Avdotya. Gergely ya gyara kowace ganga a gidan, har da masu lafiya, muddin suna kusa da inda Avdotya take wanki.

Sulhu

A watan Maris na 1918 Rasha ta ƙulla sulhu ita kaɗai da Jamus da ƙawayenta, ciki har da Hungary, a birnin Brest-Litovsk. Sulhun bai kawo ƙarshen yaƙin ba, akalarsa ya juya: Jamus ta kwashe rundunoninta zuwa Faransa, fursunonin da aka saki kuwa, da sun isa gida akan sake damƙa musu bindiga a tura su fagen Italiya. Yefim ya gargaɗi Gergely kada ya tafi, shi kuwa ya ce umarnin mayar da fursunoni gida ya zo, ba makawa.

Ranar tafiya, bisa al'ada, mutanen gida suka zauna shiru kafin matafiyi ya fita, kuma a gidan ba mai tashi sai babba ya tashi. Yefim ya zauna. Shayi ya huce, kaza ta shigo ta fita. Gergely yana rungume da jakarsa, kunya ta hana shi motsi, har jirgin ƙasa mai ɗaukar fursunoni ya yi kuka a tasha ya wuce. Sannan tsohon ya miƙe.

"Gwiwa ce, ɗana, ta tsufa," in ji shi. "Avdotya, zuba masa miya."

Aure da Zuri'a

Da kaka aka ɗaura auren Gergely da Avdotya, aka sha rawa da zuma. Ya ci gaba da sassaƙa ganguna har tsufa, kuma duk bikin da aka yi sai jikoki sun tsokane shi da gwiwar Yefim.

Rasuwa

Ya rasu a watan Satumba na 1969, aka binne shi kusa da surukinsa. Ya bar 'ya'ya huɗu: Stepan, Ilona, Matvei da Fyokla. Kafin a fita da shi iyali suka zauna shiru, kamar yadda ake yi wa kowane matafiyi. Avdotya ce babba a ranar, kuma ta daɗe ba ta tashi ba.